Karatun Bill Gates: jerin littattafan za a kwafa, ko yadda yake karanta su?

Injiniya Bashir

Assalamu alaikum jama'a. Sau biyu a shekara, da tsakiyarta da kuma ƙarshenta, Bill Gates, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Microsoft, kan fitar da sunayen littattafai kamar biyar da ya ji daɗinsu, nan da nan sai jerin ya karaɗe duniya. Mutane su adana, wasu har su saya, bayan wata uku kuma ba wanda zai iya faɗa maka abin da ke babi na biyu. A ganina jerin shi ne ɓangaren da ya fi ƙarancin amfani. Abin dubawa shi ne ƙa'idojin da mutumin ya sha faɗa da bakinsa: yana karanta kusan littafi 50 a shekara, ba ya son zaman karatun da bai kai awa guda ba, yana rubutu a gefen shafi, ya fi son littafin takarda, kuma idan ya fara littafi sai ya kai ƙarshensa.

Mu fara da 50 ɗin nan, don ita ce ke karya wa mutane gwiwa. Littafi mai shafi 300, idan kowane shafi na ɗauke da kalma 300, kalma 90,000 ke nan. Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent ya tattara bincike masu yawa a 2019, ya samu cewa baligi mai karanta Turanci a zuci yana cin kalma 238 a minti idan ba ƙagaggen labari ba ne. Ku raba, za ku samu awa shida da 'yan mintuna. Wato awa guda a rana ta isa littafi guda a mako. Sai dai wannan lissafin na wanda ba ya tsayawa ne, kuma harshen na gidansu ne. Wanda zai riƙa tsayawa yana rubutu, ko yana karatu da harshe na biyu, ya sa wa kansa shafi 20 a awa. Awa 15 ke nan ga littafi guda, mako biyu, littafi 24 zuwa 26 a shekara. Da wannan adadin ya kamata a fara.

Malam Nura

Wa alaikumus salam. Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ina da ja a kan tushen maganar. Ba karatu ne ya yi Gates ba. A 1968, yana ɗan shekara 13, makarantar Lakeside da ke Seattle ta samar wa ɗalibanta hanyar amfani da kwamfuta, lokacin da jami'o'i da yawa ma ba su da ita. Mahaifinsa babban lauya ne. Mahaifiyarsa ta zauna a kwamitin ƙungiyar agaji ta United Way tare da John Opel na IBM, kamfanin da ya ba Microsoft kwangilar manhajar sarrafa kwamfutarsa a 1980. Masu karatu kamarsa ko fiye da shi suna nan birjik, ba wanda ya san su saboda ba su yi arziki ba. Idan muka kalli wanda ya yi nasara kaɗai muka ce ga dalilin nasararsa, mun yaudari kanmu.

Injiniya Bashir

Malam Nura, ban musa ko ɗaya ba. Ba cewa na yi karatu zai mai da mutum attajiri ba. Abin da nake nufi, a rayuwar mutumin nan akwai wuraren da za ka iya bin sawu daga abin da ya karanta zuwa shawarar da ya yanke. Mujallar Popular Electronics ta Janairun 1975 ta sa hoton kwamfutar Altair 8800 a bangonta, abokinsa Paul Allen ya kawo masa, suka rubuta mata manhajar BASIC, a shekarar suka kafa Microsoft. Dubban mutane sun ga wannan bangon. Su biyun sun riga sun shafe shekaru suna bibiyar labarin ƙananan na'urorin Intel, shi ya sa suka gane abin da ke gabansu. Karatu mai ɗorewa a fanni guda ne ya ba su idon gani.

Dakta Aminu

Bari in ƙara misali daga ɓangaren lafiya, don ya fi fitowa fili. Gates ya sha ambaton rahoton Bankin Duniya na 1993 kan zuba jari a kiwon lafiya a matsayin abin da ya juya tunaninsa. Rahoto ne mai cike da jadawalai, ba littafin nishaɗi ba. A cikinsa aka fito da ma'aunin da ke haɗa shekarun da cuta ta yanke wa mutum da shekarun da ya yi cikin naƙasa ya zama adadi ɗaya, ta yadda za a iya kwatanta cuta da cuta, a kuma ga inda dala guda ta fi ceton rai. Daga nan ne mutum zai fahimci dalilin da ya sa gidauniyar Gates, wadda aka kafa a 2000, ta karkata ga rigakafi da gudawar yara da zazzaɓin cizon sauro.

Haka kuma marubucin da ya fi yawan ambata, Vaclav Smil na Jami'ar Manitoba a Kanada, mutum ne da ya rubuta littattafai sama da 40 kuma kusan duk lambobi ne. A How the World Really Works na 2022 ya ce wayewar zamani tana tsaye ne a kan abu huɗu: siminti, ƙarfe, roba da amoniya. A 2019 duniya ta yi amfani da siminti kimanin tan biliyan 4.5, ƙarfe tan biliyan 1.8, roba tan miliyan 370, amoniya tan miliyan 150, kuma dukkansu sai da man fetur ko gas ko kwal ake yin su. Amoniyar nan ita ce uwar takin zamani, wanda kusan rabin mutanen duniya ke cin abincin da aka noma da shi. Wanda ya haɗiye waɗannan lambobin ba zai yarda a ce masa canza motoci zuwa na lantarki kaɗai ya magance ɗumamar yanayi ba. Littafin da Gates ya fitar a 2021 kan sauyin yanayi ya fito kafin wannan, amma tunanin Smil na littattafansa na baya yana ko'ina a cikinsa.

Shawarata ga mai son karanta Smil: kada ya bi shi kamar labari. A kowane babi ya zaɓi lamba uku kawai, ya rubuta su da ma'auninsu da shekararsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙe lambar a manta ma'aunin, sai miliyan ta zama biliyan a baki, ko a haɗa ƙarfin wuta da yawan wutar da aka sha, alhali abu biyu ne daban.

Malama Hadiza

Dakta ya taɓo inda nake son zuwa. Rubutu a gefen shafi shi ne ƙashin bayan karatun Gates, kuma ya ce littafin da bai yarda da shi ba ya fi cin masa lokaci saboda yawan abin da yake rubutawa. Mutane da yawa sun ɗauka ja layi ko shafa alƙalami mai launi shi ne abin. Ba shi ba ne. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu goma. Shafa launi da maimaita karatu sun faɗo cikin masu ƙarancin amfani. Biyu ne kawai suka fito a sama: mutum ya gwada kansa, da kuma raba bita a kan kwanaki masu tazara. Dalilin a fili yake. Idan ka sake kallon layin da ka shafa wa launi, ido ya saba da shi, sai zuciya ta ce ta sani. Ka rufe littafin a tambaye ka, sai ka ga babu komai.

Ga yadda za a yi. A riƙe fensir, a taƙaita alamomi zuwa uku. Alamar tambaya inda ba ka gane ba ko ba ka yarda ba, tare da jimla guda da ke faɗin dalili. Kibiya inda maganar ta haɗu da wani abu da ka riga ka sani, ka rubuta sunan abin. Da'ira a kan lambar da hujjar marubucin ta dogara da ita. Idan shafi ya samu alama fiye da biyu a kai a kai, ka fara kwafar littafin ke nan, ka rage.

A ƙarshen babi ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda, ka ba kanka minti biyar ka rubuta me marubucin ke son tabbatarwa, da wace hujja, kuma ina raunin hujjar. Sai bayan ka gama ka buɗe ka duba abin da ya kuɓuce maka. Wannan takardar za ka sake gwada kanka a kanta washegari, da bayan mako guda, da bayan wata guda, minti biyu zuwa uku kowane karo. Wurin da tsarin ke rushewa shi ne rufe littafin: mutum zai ce bari in ɗan leƙa, da ya leƙa kuwa gwajin ya tashi daga gwaji ya koma kwafa.

Gates yana da wani mataki a sama da wannan, wato bitar da yake rubutawa ya wallafa a shafinsa na intanet, GatesNotes. Wanda ya san zai yi wa wasu bayanin littafi, karatunsa ba ya zama ɗaya da na wanda zai ajiye shi a kanta. Ba sai an wallafa ba. Kalma 300 da za a tura wa aboki guda ta wadatar.

Zainab

Malama, Allah ya saka da alheri. Tambayoyi biyu gare ni. Wanda littafinsa ke cikin waya fa, yaya zai yi da rubutun gefe? Sannan maganar dole sai an gama littafi, ba ɓata lokaci ba ne idan littafin bai da kyau?

Malama Hadiza

Ƙanwata, game da waya, wani nazari da Pablo Delgado da abokansa suka yi a 2018, inda suka haɗa sakamakon bincike da dama, ya nuna takarda ta ɗan fi allo wajen fahimtar rubutun bayani, musamman idan ana karatu cikin ƙurarren lokaci. A ƙagaggen labari ba a ga bambancin a zo a gani ba. Tazarar ba ta kai a fasa karatu saboda ita ba. Ki kashe data kafin ki buɗe littafin, ki ajiye ƙaramin littafin rubutu a gefe, ki riƙa sa lambar babi kafin kowace magana tunda lambar shafi tana canzawa da girman rubutu. Kada ki dogara da wurin shafa launi na cikin manhaja, don ya fi na takarda sauƙi, saboda haka ya fi shi yaudara.

Malam Nura

Tambayar Zainab ta biyu ni zan ɗauka, don a nan ma ban bi Gates ba. Shi yana da masu ba shi shawarar littafi irin su attajirin mai zuba jari Warren Buffett, yana iya kiran marubucin ya tambaye shi. Tacewarsa tana faruwa ne kafin ya buɗe shafin farko. Wanda ba shi da wannan gatan, idan ya ɗaura wa kansa dokar gamawa, littafi guda marar daɗi zai tare masa hanya wata biyu, daga nan ɗabi'ar karatun gaba ɗaya ta mutu.

Injiniya Bashir

A nan mun haɗu, Malam, da sharaɗi guda. Dokar Gates rabi biyu ce, mutane suna ɗaukar rabin ƙarshe su bar na farko: ba ya fara abin da ba zai gama ba. To a yi tacewar da gaske. Minti 20 kafin a ɗauki alkawari: a karanta jerin babi, gabatarwa, shafi biyar daga tsakiyar littafin, da shafukan ƙarshe na babin rufewa. A duba bayan littafin ko akwai madogara. A nemi bita guda ta wanda ya soki littafin, ba ta wanda ya yabe shi ba. Idan ya tsallake, sai a ba shi shafi 50. A shafi na 50 a tambayi kai: wahala ce ke sa ni son ajiyewa, ko maimaici? Idan maimaici ne, marubucin ya gama faɗin abin da zai faɗa yana ta juya shi, a ajiye ba tare da jin nauyi ba. Idan wahala ce, ko kuma don ya saɓa wa ra'ayinka ne, to wannan ne littafin da dokar gamawa ta fi dacewa da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Usman

Yaya Bashir, a yi mana bayanin makon tunanin nan da ake cewa yana yi.

Injiniya Bashir

Lokacin da yake jan ragamar Microsoft, sau biyu a shekara yakan keɓe kwana bakwai a wani ƙaramin gida a bakin ruwa a arewa maso yammacin Amurka. Ba iyali, ba ma'aikata, sai mai kawo abinci. Jaridar Wall Street Journal ta ba da labarinsa a 2005, ta ce yawancin abin da yake karantawa takardun shawarwari ne da ma'aikatan kamfanin suka rubuta, kuma ya taɓa karanta 112 a mako guda. Muhimmin abin shi ne ba ya fitowa hannu rabbana: yana rubuta sharhi a kan takardun a mayar wa masu su. Takardarsa ta 26 ga Mayu 1995, wadda ta umarci kamfanin ya sa intanet a gaban komai, ana danganta ta da irin wannan keɓewar.

Ba kowa ke da kwana bakwai ba, kwana biyu ma sun yi. Amma shirin ya fi kwanakin muhimmanci. Mako biyu kafin ranar a rubuta tambaya guda, ɗaya tak, wadda amsarta za ta canza wata shawara ta aiki. A tara abin karantawa a kanta: littafi guda, da maƙaloli ko rahotanni takwas zuwa goma, aƙalla biyu daga cikinsu na masu adawa da ra'ayin da kake kai. A buga su a takarda tun kafin ranar, don idan aka ce sai ranar za a nemo a intanet, neman zai cinye yinin. A yi zama uku a rana, kowanne minti 90, da hutu na tafiya a ƙafa a tsakani. Zaman ƙarshe na rana ta biyu ba na karatu ba ne, na rubutu ne: shafi ɗaya ko biyu, me za a fara, me za a daina, me ya rage ba a sani ba.

Abu uku ke ɓata shi. Ɗaukar littattafai masu yawa a fannoni daban-daban, sai a koma da ɗanɗano ba ƙoshi. Barin waya a kunne da sunan ko za a neme ni. Da tashi ba a rubuta komai ba, wanda shi ne ya fi yawa, domin bayan kwana biyu na karatu mutum yana jin kansa cike da fahimta, sai ya ga rubutun ba dole ba ne.

Usman

Wannan ya yi kama da tsarin Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon. A 2004 ya hana manyan jami'an Amazon zuwa taro da PowerPoint. Mai shawara zai rubuto takarda mai shafi shida da cikakkun jimloli, a zauna shiru kusan rabin awa kowa ya karanta, sannan a buɗe baki. Hujjarsa ita ce jerin gajerun bayanai irin na PowerPoint yana ɓoye tunanin da bai nuna ba, cikakkiyar jimla kuwa tana tilasta wa mai rubutu ya nuna yadda wannan ya haifi wancan. Cikin littattafan da aka san ya sa manyan ma'aikatansa su karanta akwai The Goal na Eliyahu Goldratt, na 1984, wanda ke koyar da cewa matakin da ya fi kowanne jinkiri shi ke yanke yawan abin da masana'anta za ta fitar, don haka gyaran kowane mataki ban da shi asarar kuɗi ce. Mai rumbunan tattara kaya da aika su irin na Amazon dole ya so wannan littafin. Shi ma abin da aikinsa ke buƙata ya karanta.

Dakta Aminu

Akwai abin da ya kamata a faɗa kan jerin Gates kafin wani ya rungume shi duka. Yana da karkata. Littattafan da ya fi yabo, The Better Angels of Our Nature na Steven Pinker na 2011 da Factfulness na Hans Rosling na 2018, duk hujjarsu ɗaya ce: duniya na gyaruwa, lambobi sun nuna. Na Rosling har kyautarsa ya yi ga duk wanda ya kammala jami'a a Amurka a 2018. Littafi ne mai amfani, musamman yadda ya watsar da rabon duniya gida biyu ya kawo matakai huɗu na samun kuɗi a rana: ƙasa da dala 2, daga 2 zuwa 8, daga 8 zuwa 32, da sama da 32. Amma Nassim Taleb da Pasquale Cirillo sun ƙalubalanci da'awar Pinker cewa yaƙe-yaƙe na raguwa, suka ce manyan yaƙe-yaƙe suna da tazara mai tsawo a tsakaninsu, saboda haka shekaru saba'in na sauƙi ba su isa a ce yanayin ya canza ba. Wanda zai ba Pinker awanni 40 da littafi mai kusan shafi 800 ke buƙata, ya ware awa biyu ya karanta masu sukarsa.

Malam Nura

Dakta, ka faɗi abin da ke raina. Mutumin da tsarin duniya ya yi wa daɗi, ba abin mamaki ba ne ya so littafin da ke cewa tsarin na aiki. Wannan bai sa lambobin sun zama ƙarya ba, mutuwar yara ƙanana ta ragu ƙwarai tun 1990, amma mai karatu ya san ta wace taga ake nuna masa. A wannan fuskar jerin Mark Zuckerberg, mai Facebook, na 2015, lokacin da ya ɗauki littafi guda duk mako biyu, ya ɗan fi faɗi, tunda har Muƙaddima ta Ibn Khaldun ya sa, wadda aka rubuta a 1377, kuma ita maganarta dauloli suna tashi ne su tsufa su faɗi.

Zainab

To idan mutum zai fara da guda ɗaya daga na Gates, wanne?

Injiniya Bashir

Business Adventures na John Brooks. Buffett ne ya ara masa shi bayan haɗuwarsu a 1991, kuma Gates ya ce bai karanta littafin kasuwanci da ya fi shi ba. An buga shi a 1969, ya ɓace daga kasuwa, aka sake buga shi a 2014 bayan Gates ya yi rubutu a kansa. Dalilin da ya sa ya dace da mai farawa, labarai 12 ne masu zaman kansu da aka fara bugawa a mujallar The New Yorker, kowanne zai shiga zama ɗaya ko biyu, don haka tsarin Malama Hadiza na rufe littafi a rubuta zai zauna daram a kansa.

Kada ki bi su a jere, ƙanwata. Ki fara da labarin motar Edsel, wadda Ford ya fitar a 1957 bayan dogon shiri da talla, ya dakatar da ita a 1959 da asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 350. Ki sa ido kan wuraren da aka yi binciken ra'ayin masu saye sannan aka yi watsi da sakamakon, har wajen zaɓen sunan motar. Sai ki wuce babin Xerox, wanda Gates ya fi so. Brooks ya rubuta shi kamfanin na kan ganiyarsa da injin kwafi samfurin 914. Abin da ya biyo baya ba ya cikin littafin: cibiyar bincikensu ta Palo Alto, da aka buɗe a 1970, ta ƙera kwamfuta mai linzami da tagogi a allo, amma Apple da Microsoft ne suka ci kasuwarta. Idan kin gama babin, ki rubuta a takardarki waɗanne alamu ne a cikinsa suka nuna hakan na iya faruwa, waɗanne ne kuma ba wanda zai iya hangowa a lokacin. Babin harajin kuɗin shiga na Amurka da na kare darajar fam ɗin Ingila ki bar su sai ƙarshe, sun fi sauran nauyi kuma dokokin da suke magana a kai sun canza da yawa.

Malama Hadiza

Ƙari ɗaya a kan na Injiniya. Turancin Brooks na shekarun 1960 ne, jimlolinsa dogaye, da kalmomin kasuwar hannun jari. Kada ki tsaya duba ƙamus a kowace kalma, zaren labarin zai tsinke. Ki sa ɗigo a ƙarƙashin kalmar ki wuce, a ƙarshen babi ki duba waɗanda suka fito sau biyu ko fiye kawai. Idan babin Edsel ya ɗauke ki zama uku maimakon biyu, ba komai, ki dai yi takardar minti biyar ɗin a ƙarshen kowane zama, kada ki jira ƙarshen babin.